Daga Kano zuwa Newcastle: yadda Bature yake faɗin haƙurinsa

Shekara 17 ke nan ina koyar da Turanci a wata kwaleji a Kano, kuma a duk tsawon shekarun nan, idan ɗalibi ya tambaye ni yadda ake faɗin haƙuri da Turanci, sai in rubuta masa "patience" a kan allo in ci gaba da darasi. A watan Nuwamba na 2024 aka tura ni wani kwas na mako uku a birnin Newcastle da ke arewa maso gabashin Ingila. Na sayi ɗan ƙaramin littafi domin in riƙa rubuta duk kuɗin da na kashe, amma da na dawo gida na buɗe shi, sai na tarar fiye da rabin shafukansa kalmomi ne da na tsinta a bakin mutane, kuma kusan dukkansu a kan jure abin da rai ba ya so suke.

Na bar gida bayan sallar asuba na nufi tashar Unguwa Uku. Direba ya cusa mu mu huɗu a kujerar da aka yi domin mutum uku, ɗan kamasho ya leƙo ta taga ya ce da ni, "Malam, a yi haƙuri a ɗan gyara." Wani ɗan kasuwa daga kudu da ke gefena, wanda gwiwarsa ta riga ta shige cikin tawa, ya yi dariya ya ce, "Make we manage." Wannan ce kalma ta farko da na rubuta, domin mu ma mun ara mun mayar da ita tamu, har muna cewa a yi maneji da abinci ko da tsohuwar taya. A wurinmu maneji shi ne zama da abin da bai isa ba, alhali a Ingila, kamar yadda na ji daga baya, wanda ya ce zai yi "manage" yawanci yana nufin zai iya da kansa, ba ya bukatar taimako. Tsakanin Kwanar Dangora da Zariya mun tsaya a shinge uku, kuma duk lokacin da direba ya dawo mota yana gyara aljihunsa, abin da yake faɗi bai wuce "sai haƙuri" ba. Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa, na sauka a Kubwa na kwana a gidan wani ɗan'uwana, washegari muka tashi daga Abuja, bayan kimanin awa shida da rabi muka sauka a Landan.

A wurin duba fasfo, jami'in ya tambaye ni abin da ya kawo ni, da tsawon zaman da zan yi, da inda zan sauka, na miƙa masa takardar gayyata. Ana cikin haka kwamfutarsa ta tsaya, sai ya ɗago kai ya ce, "Bear with me." Na san wannan magana a littafi, amma ban taɓa jin an faɗa mini ita ba. Asalin "bear" ɗaukar kaya ne, tsohuwar kalma ce da Turawan Ingila suka gada tun kafin yarensu ya cakuɗa da Faransanci, don haka abin da jami'in ya roƙa shi ne in kama masa kayan mu ɗauka tare na ɗan lokaci. A cikin duk abin da na ji a tafiyar, wannan ce ta fi kusa da "yi mini haƙuri" irin tamu, sai dai ya faɗe ta ba tare da marairaice fuska ba, kamar mai faɗin lokaci. Ya tambaye ni ko na shigo da nama, na ce masa a'a, domin tun a gida an gargaɗe ni cewa kilishi ba ya ƙetare wannan ƙofa. Yaji da garin kunu da kuka kawai na riƙo.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ni tashar King's Cross cikin kusan awa guda. A nan na sayi shayi kofi ɗaya a kan fam 3, kuma da yake a lokacin fam ɗaya ya haura naira 2,000, sai na sha shi a hankali kamar magani. Tafiyar Newcastle a jirgin ƙasa kimanin awa uku ce, amma da muka isa York sai aka sanar cewa an sami matsala a layin da ke gabanmu, kowa ya sauka ya jira motocin safa. Sanyin da ya tarbe ni a bakin tashar nan bai yi kama da hunturun Kano ba ko kaɗan. Namu busasshe ne, yana fasa leɓe da diddige, rana na ɗagawa ya gudu, shi kuwa wannan jiƙaƙƙe ne, yana bi ta cikin rigar sanyi ya nemi ƙashi. Mutane fiye da ɗari suka ja layi ɗaya babu mai ture wani. Da a gida ne, na tabbata da an kewaye ma'aikacin tashar da hayaniya, a zazzaga masa, sannan a ƙare da "Allah ya kyauta". A nan kuwa wani dattijo da ke gabana ya juyo, hancinsa ya yi ja, ya ce, "Mustn't grumble," wato bai kamata a yi gunaguni ba, wata mata ta amsa masa da "Could be worse," wato da abin ya fi haka muni. Abin da ya ba ni dariya shi ne, bayan sun gama hana kansu gunaguni, sai suka shafe minti arba'in suna gunagunin a hankali, a kan jiragen ƙasa da tsadar tikiti da yanayin sama, kowannensu yana murmushi. Da motar ta ƙi zuwa, dattijon ya ce, "We'll just have to grin and bear it." Na daɗe ina fassara wa ɗalibai "grin" da murmushi, amma da na dubi fuskarsa sai na gane yaƙe ne, irin yaƙen da Bahaushe yake cewa ya fi kuka ciwo.

Kafin mu rabu, dattijon nan ya yi abin da ban zata ba. Ya tambaye ni ko na adana tikitina, ya nuna mini a wayarsa inda ake cike takardar neman diyya, ya ce a kan wannan layin jinkirin da ya kai awa guda ana mayar wa fasinja kuɗinsa gaba ɗaya. Mutumin da ya ce kada a yi gunaguni shi ne ya fara cike takardar tun muna cikin mota. Na cike tawa ina ganin wasa ne, bayan kwana goma sha wani abu kuɗin suka shigo.

Wani tsohon ɗalibina da ke karatun digiri na uku a can shi ya tarbe ni, ya karɓi jakata yana cewa, "Malam, sannu da hanya, ai ka zo a daidai lokacin da mu ma muke neman wurin ɓuya." Ya samar mini ɗaki a unguwar Fenham, a gidan wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai, a kan fam 180 a mako. Na'urar ɗumama gidan awa biyu take aiki da safe, awa uku da yamma, saboda tsadar gas. A dare na biyu na kasa barci, da safe na yi mata magana cikin ladabi, sai ta miƙo mini ƙarin bargo da wata jakar roba da ake cika wa ruwan zafi a rungume, ta ce, "You'll have to put up with it, pet." Mutanen Newcastle suna kiran kowa "pet" idan suna son nuna kulawa, ko da mutum ya yi furfura irin tawa. Ita kuwa "put up with" ta daɗe tana wahalar da ɗalibaina, domin ƙananan kalmomi uku ne waɗanda babu ɗaya a cikinsu da ke nufin juriya, sai an haɗa su ma'anar take fitowa. Abin da littafi bai gaya mini ba shi ne ɗanɗanonta. Wanda ya yi "put up with" abu bai yafe ba, bai kuma sa ran lada ba, ya dai kawar da kai ne domin babu yadda zai yi, kuma yana so a san cewa ransa bai so ba. Na amsa mata da Turancin da aka koya mana a makaranta, na ce, "I will endure." Tsohuwar nan ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce ai ba yaƙi za ni ba, bargo ne kawai.

Dalilin dariyarta sai a ajin kwas na fahimce shi. Malamar da ke koyar da mu tarihin kalmomi ta bayyana cewa tun bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Turanci ya zama kamar gida mai hawa biyu. A sama akwai kalmomin da suka zo daga Faransanci da Latin, na kotu da coci da littafi, irin su "tolerate" da "endure" da "patience". A ƙasa kuma akwai gajerun kalmomin gado na kasuwa da ɗakin girki, irin su "bear" da "stand". Tushen "endure" kalmar Latin ce mai nufin tauri, don haka ba a kashe ta a kan ɗakin da ba shi da ɗumi, ana ajiye ta ne domin yunwa da ɗauri da doguwar jinya. Tushen "patience" kuma shan wahala ne, shi ya sa majinyaci a asibiti da mai haƙuri suke amsa suna ɗaya a Turanci. Mu a Najeriya hawan sama aka fi koya mana, shi ya sa ma'aikacin banki zai ce da kai "exercise patience", maganar da ban ji ko sau ɗaya a bakin kowa ba a mako ukun da na yi.

Malamar ta kuma ja hankalinmu ga wasu kalmomi da suka fi son zama tare da korewa. Bature ya fi cewa "I can't stand it" ko "I can't stomach it" ko "I can't abide it" a kan ya ce zai iya. Da yake "stomach" ciki ne, a nan na ɗaga hannu na gaya mata cewa Bahaushe ma a jiki yake ajiye juriyarsa, domin muna cije leɓe, muna haɗiye fushi, muna shanye magana, muna daurewa. Sai ta jero mini nasu: "grit your teeth" na datse haƙora, "bite your tongue" na kame baki, "take it on the chin" wanda aka aro daga dambe, da "bite the bullet", wanda ake cewa ya samo asali daga sojan da ake ba harsashi ya ciza idan za a yi masa aiki babu maganin kashe zafi. Wannan na ƙarshen ba zaman jira ba ne, yanke shawarar tunkarar abin da ake gudu ne, kamar mai ciwon haƙori da ya gaji ya tafi a cire. Ta ƙara da wani abu da ya ba 'yan ajin mamaki, cewa "stiff upper lip", wato hana leɓen sama rawa lokacin da kuka ya zo, wanda duniya ta ɗauka tambarin mutumin Ingila ne, a Amurka aka fara ganinsa a rubuce a farkon ƙarni na 19.

Rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna bin juna cikin awa huɗu, abinci kuwa na dogara ga shagunan halal na West Road da kifi da dankali da nake barbaɗa wa yaji. Wata safiya ƙasa ta daskare, wani abokin kwas ɗan Ingila ya zame ya faɗi a gabana, na yi maza na ce masa "sorry". Ya miƙe yana kakkaɓe wando ya ce ai ba laifina ba ne. Sannu nake nufi, amma shi ban-haƙuri ya ji.

Ranar Asabar 23 ga Nuwamba guguwar da suka sanya wa suna Bert ta iso da dusar ƙanƙara, daga baya ta koma ruwa, babu inda na fita. Na dama kunu na zuba wa mai gidan a kofi, ta sha kaɗan ta ce yana da daɗi, ko da yake fuskarta ta nuna maneji take yi. A kan kabad akwai hoton wani mutum sanye da hular aiki, ta ce mijinta ne, ya yi shekaru yana aikin ƙera jiragen ruwa a bakin kogin Tyne, shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Bakina ya buɗe zai ce "ya haƙuri?", sai na rasa da wace kalma zan faɗe shi. Na ce mata abin da suke faɗi, "sorry for your loss", na ji kamar na miƙa mata ƙwarya babu komai a ciki. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "You just get on with it," wato mutum ya tashi ya ci gaba da harkarsa, ta ƙara da cewa mahaifiyarta takan ce "soldier on", a yi ta tafiya kamar soja.

Sai na shiga ba ta labarin tamu kalmar. Na gaya mata cewa a wurinmu idan an yi rasuwa ana zaman makoki, duk wanda ya shigo zai tambayi masu gida ya haƙuri, su amsa da godiya. Na ce da kalmar nan ɗaya ake lallashin yaro, da ita ake sallamar mabaraci idan babu abin ba shi, da ita mai bashi yake roƙon a ƙara masa lokaci, da ita ake yi wa amarya nasiha ranar da za a kai ta, kuma da ita wanda ya taka ka a kasuwa zai ba ka baki. Na faɗa mata karin maganarmu cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ta saurara har na gama, sannan ta ajiye kofin ta tambaye ni, wato wanda ya taka ni shi ne kuma zai ba ni aikin yi? Ta ce a wurinsu wanda ya yi laifi shi yake ɗaukar kayan, ya ce ya yi nadama, ba ya umartar wanda ya ɓata wa da ya jure. Na yi ƙoƙarin nuna mata cewa roƙo ne ba umarni ba, kuma a wurinmu haƙuri ibada ce mai lada, mai yin sa shi ne babba, ba wanda aka fi ƙarfi ba. Na yarda da abin da na gaya mata har yanzu, domin na ga yadda kaɗaici yake cin tsohuwar nan a gidan da babu mai shigowa ya tambaye ta ya haƙuri. Amma a daren nan, ina rungume da jakar ruwan zafi, na tuna watannin da aka riƙe mana albashi ana cewa mu yi haƙuri, na tuna wata ƙanwata da aka yi ta mayarwa gidan da ake dukanta da wannan kalma, na kuma tuna dattijon York da takardarsa ta diyya. Da safe na ƙara wasu maganganu biyu da na ji a bakinta, "I won't stand for it" da "the last straw", na farkon na mai cewa ba zai lamunta ba, na biyun kuma daga karin maganarsu ne na tsinken ƙarshe da ya karya bayan raƙumi.

Juma'a ta biyu ɗalibina ya kai ni South Shields, garin da ke bakin teku inda ma'aikatan jirgin ruwa daga Yaman suka fara zama tun ƙarshen ƙarni na 19. Mun yi salla a masallacin Al-Azhar, wanda shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali ya ziyarta a 1977. Bayan salla wani dattijo jikan waɗancan Yamalawa, wanda Turancinsa irin na mutanen garin ne tsantsa, yana yi wa wani matashi nasiha, sai na ji a tsakiyar jimlarsa ya jefa "sabr", wato haƙuri da Larabci. Na tambaye shi dalili, ya ce babu kalmar Turancin da take ɗauke da Allah a cikinta kamar wannan.

Washegari na hau motar safa zuwa Alnwick, wanda mutanen wurin suke kira Anik, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a kan fam 2 kacal, domin a shekarar gwamnati ta ƙayyade kuɗin mota a kan haka. Abin da ya kai ni shi ne shagon tsofaffin littattafai na Barter Books, wanda ke cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ga wuta tana ci a murhu, ga ɗan jirgin wasan yara yana zagayawa a saman kantoci. A bango akwai jar takarda mai hoton kambun sarauta da rubutun "Keep Calm and Carry On", wato a kwantar da hankali a ci gaba. Gwamnatin Birtaniya ce ta buga ta a 1939 lokacin da yaƙi da Jamus ya ƙarato, kusan kwafi miliyan biyu da rabi, amma ba a liƙa su ba sai ƙalilan, aka narkar da mafi yawansu domin ƙarancin takarda. A shekarar 2000 masu wannan shago suka tsinci kwafi ɗaya a cikin akwatin littattafan da suka saya a gwanjo, suka rataye shi, daga nan ya bazu har ya kai kan rigunan da ake sayarwa a Kantin Kwari. Mutanen da aka rubuta maganar dominsu, waɗanda suka kwana a ƙarƙashin ruwan bama-bamai, yawancinsu ba su taɓa ganin ta ba. Ina tsaye ina kwafa, wani tsoho daga kan iyakar Sikotilan ya leƙa littafina, ya karanta jerin kalmomin, ya ce saura ɗaya. Ya karɓi alƙalamina ya rubuta "thole", ya ce da ita kakarsa take faɗin jure sanyi da talauci da mugun maƙwabci, kuma a yanzu sai tsofaffi suke amfani da ita. Da na nuna wa malamarmu ranar Litinin, ta ce kalmar tana cikin Turanci fiye da shekara 1,000, kuma ita da "tolerate" tushensu ɗaya tun can asali.

Ranar da zan taho, mai gidan ta raka ni har bakin ƙofa, ta ce in gaishe da iyali, sannan ta gwada faɗin kalmarmu, ta fito da ita "hakuri" babu ƙaf, na ce mata ta yi daidai. Dawowar ba ta da labari har Abuja, inda na zaɓi in bi mota kai tsaye zuwa Kano. Mun wuce Zariya lafiya, muna dab da Tashar Yari injin ya ɗauki zafi ya mutu, muka fito muka zauna a gindin wata bishiya cikin ƙurar hunturu, yaron mota ya hau babur ya tafi neman makanike. Bayan awa biyu direba ya zagayo yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Jama'a, don Allah a ƙara haƙuri." Kowa ya amsa da "ba komai". Ni kuwa, da yake tikitin York yana cikin aljihuna har lokacin, sai na tambaye shi ko za a rage mana wani abu daga kuɗin mota tun da jinkirin ya haura awa guda. Direban ya tsaya yana kallona da tsumman a hannu, wata Hajiya da ke ɓare gyaɗa a gefena ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, kai kuwa daga ina kake?"